Tawakkali da Ma'auni: Mai Ciwon Sukari a Garin Yuraniyam

Kusan duk abin da ake ci a Arlit a kan taya yake zuwa. Garin, wanda aka kafa a 1969 saboda ma'adinin yuraniyam, ba ya noman gero ko dawa, don ruwan saman da yake samu a shekara ba ya isa ya raya shuka. Hatsi da shinkafa suna hawowa daga kudu ta Tawa da Agadas, kan titin da aka shimfiɗa don jigilar ma'adinin, wanda yanzu rairayi da ramuka suka cinye wurare da dama a jikinsa. Taliya da fulawa da madarar gari suna gangarowa daga Aljeriya ta Assamaka. Albasa da dankalin turawa da lemo kuwa daga lambunan Azbin suke fitowa, irin su Tabelot da Timiya da tudun Bagzan. Abin da ya fi jure doguwar tafiya da zafin hamada, ya kuma fi sauƙin kuɗi, shi ne na cikin buhu da kwali. Shi ya sa kwanon talaka a Arlit da maƙwabciyarta Akokan sitaci ne da safe, sitaci da rana, sitaci da dare, a tsakani kuma shayi zubi uku, kowane da sukarinsa.

A irin wannan gari ne mai ciwon sukari yake jin sabon albishir, wani lokaci daga bakin likita, galibi kuwa daga saƙon murya a waya: rage shinkafa da tuwo, bar burodi da taliya, koma ga nama da ƙwai da ganye, sukarinka zai sauka. Maganar tana da gaskiya a cikinta. Sitacin hatsi da zarar ya isa hanji narkewa yake, ya zama sukari, ya bi jini. Insulin ne ke ba sukarin nan hanya ya shiga tsoka da hanta. Mai nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, jikinsa ya daina yin insulin ɗin. Mai nau'i na biyu, wanda shi ne mafi yawa, jikinsa na yi, amma ko bai isa ba ko tsokar ta daina amsa masa. In aka rage abin da ke shigowa, aikin ya ragu. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa rage sitaci da sukari shi ne tsarin cin abincin da ya fi samun hujja wajen sauko da sukarin jini.

Haɗarin yana cikin abin da ke biyo baya, kuma da harshen addini yake zuwa. Akwai wanda zai ga sukarinsa ya sauka mako biyu, sai ya tattara ƙwayoyi ya jefa bayan gado, ya ce ya dogara ga Allah da abincin da Allah ya halitta, ya bar maganin Nasara. Akwai kuma wanda zai raba abincinsa biyu, ya ƙara da azumin Litinin da Alhamis, amma ya ci gaba da haɗiyar ƙwayar da aka auna masa a lokacin da yake cinye kwanon shinkafa shi kaɗai. In an yi masa magana ya ce: “Ai rai a hannun Allah yake, Malam.” Dukkansu biyu da niyya mai kyau suke yi, kuma tambayar da suka tayar tsohuwa ce a wurin malamai: ina dogaro ga Allah ya tsaya, ina kuma sakaci ya fara?

Dabarar rage abinci ba ta yau ba ce, kuma tarihinta yana da abin faɗa a kan wannan tambaya. A 1797 wani likitan sojan Birtaniya, John Rollo, ya buga labarin wani hafsa mai ciwon sukari da ya ɗora kan nama da kitse ya ga sauƙi. Lokacin da aka yi wa birnin Paris ƙawanya a 1870, Apollinaire Bouchardat ya lura cewa sukari ya ɓace daga fitsarin wasu majinyatansa saboda ƙarancin abinci a gari. Sai Frederick Allen a Amurka ya kai abin maƙura, ya riƙa tsare marasa lafiya da yunwa. Cikin waɗanda suka sha wannan horo akwai Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na wancan lokaci. Da aka kai ta Toronto a watan Agustan 1922, tana gab da cika shekara 15, nauyinta bai kai kilo 21 ba. Frederick Banting ya fara yi mata allurar insulin, wadda aka gano shekara guda kafin nan. Ta warware, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rasu a 1981 tana da shekara 73. Yunwar ta jinkirta mata mutuwa ne kawai har allurar ta iso. Yara da yawa ba ta iske su da rai ba. Duk mai gaya wa uwar yaro mai nau'i na ɗaya a Akokan ta bar allura ta riƙe ganye, ya sani an gwada hanyar nan tun kafin a haifi kakansa.

Magungunan kuwa ba halinsu ɗaya ba. Metformin, wadda aka fi sani da Glucophage, rage sukarin da hanta ke saki take yi, kuma ita kaɗai da wuya ta kayar da mutum. Glibenclamide, wato Daonil, wani abu ne daban: tilasta wa jiki take ya fitar da insulin, an ci abinci ko ba a ci ba, kuma aikinta na iya kai yini da kwana. Haka ma allurar insulin, wadda aka auna adadinta a kan wani kwano na musamman. In kwanon ya ragu allurar ba ta ragu ba, sai ta kwashe sukarin da ƙwaƙwalwa ke rayuwa da shi. Akwai kuma sabbin ƙwayoyi irin su dapagliflozin da empagliflozin masu zubar da sukari ta fitsari. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2015 cewa suna iya sa jini ya yi tsami da sinadarin kiton ko da sukari bai hau sosai ba, kuma yanke sitaci gaba ɗaya da rashin ruwa a jiki suna ƙara wannan haɗari. Hawan jini ma yakan sauka in an rage sitaci, don haka maganinsa shi ma yana bukatar a sake duba shi.

Idan sukari ya faɗi ƙasa da giram 0.70 a lita, wato 70 a na'urorin da ke ƙirga da miligiram, sai gumi mai sanyi ya karyo, hannu ya kama kyarma, zuciya ta riƙa bugawa, magana ta rikice. Wani ya yi ta faɗa da mutane ba dalili. Abin takaici, a gidaje da yawa akan ɗauka iska ce ta taɓa shi ko zafin rana, a zauna ana tofi, alhali abin da yake bukata a wannan minti ƙwayar sukari uku ne ko dabino uku, in yana iya haɗiya. In ya suma kuwa, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi da gaggawa.

Imam Gazali ya yi wa wannan mas'ala rabo mai kyau a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, a babin tauhidi da tawakkali. Ya kasa sabubban da ke kawar da cuta gida uku. Na farko waɗanda aikinsu tabbas ne, kamar ruwa ga mai ƙishirwa da gurasa ga mai yunwa. Na biyu waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, kamar ƙaho da maganin wankin ciki. Na uku waɗanda amfaninsu tsammani ne kawai. Ya nuna cewa barin na uku yana cikin tawakkali, na biyu yin sa bai saɓa wa tawakkali ba, amma barin na farko ba tawakkali ba ne ko kaɗan, haramun ne ma idan ana tsoron mutuwa. A zamaninsa kusan duk maganin likita a gida na biyu yake zaune, shi ya sa aka samu salihan bayi da suka bar magani ba a zarge su ba. To amma insulin ga mai nau'i na ɗaya ba ya zama a gida na biyu. Shekara ɗari ke nan ana ganin abu ɗaya a kowace ƙasa: wanda ya samu ya rayu, wanda ya rasa ya mutu cikin kwanaki ko makonni. Wannan ya kai matsayin ruwa ga mai ƙishirwa. Majalisar fiƙihun Musulunci ta duniya ta bi wannan hanya a zamanta na Jidda a 1992, inda ta yanke cewa neman magani wajibi ne idan barinsa zai kai ga halaka ko asarar wata gaɓa.

Mai nau'i na biyu lamarinsa ya fi faɗi. Rage sitaci da rage ƙiba na iya sa a rage masa magani, wani ma a cire masa gaba ɗaya na wani lokaci. Sai dai abincin da ya canza shi ma sababi ne, ƙwayar ma sababi ce, kuma babu ɗaya da ya fi ɗaya kusa da Allah don kawai wancan daga lambu ya fito wannan daga kwali. Wanda ya bar ƙwaya ya riƙe zogale bai bar sababi ya koma ga Mai sababi ba. Sababi ya canza, ba tare da ya auna ko sabon yana aiki ba.

Mutanen Arlit sun fi kowa cancantar gane wannan, don sun daɗe suna zaune da cutarwar da ido ba ya gani. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyam a 1971, COMINAK kuma a 1978 daga ramin Akouta mai zurfin kusan mita 250, kuma ma'aikatansu sun san ɗan ma'aunin da ake ratayawa a jiki don ƙirga tururin ma'adinin da mutum ya ɗauka. Tururin ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya zafi a lokacin da yake shiga. Da Almoustapha Alhacen da ƙungiyarsa Aghir In'Man suka ga bakin mutane kaɗai bai isa hujja ba, masu awo suka gayyato: cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo a ƙarshen 2003, ƙungiyar Greenpeace kuma a 2009 ta auna titunan Akokan ta samu wuraren da tururin ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Ba a ji wanda ya ce awon nan raunin imani ne ba. Sukarin da ya hau haka yake aiki, shiru, shekara da shekaru, yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Tsohon ma'aikacin da ya yi shekara ashirin yana miƙa ma'auninsa a karanta, bai kamata yau ya ce yana jin sukarinsa a jikinsa ba sai an huda yatsa ba.

A watan Ramadan abin ya fi tsanani. Wani babban bincike mai suna EPIDIAR, da aka yi a ƙasashe 13 a 2001 kan mutum fiye da 12,000, ya gano cewa kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na ɗaya sun yi azumin aƙalla kwana 15. Mummunar faɗuwar sukari ta ninka kusan sau biyar a masu nau'i na ɗaya, ta ninka fiye da sau bakwai a masu nau'i na biyu. Mutane za su yi azumi, an hana ko ba a hana ba. A Arlit kuma, a shekarun da Ramadan ya faɗo a Mayu da Yuni, kamar 2017 da 2018, an kame baki sama da awa 14 cikin zafin da ke wuce digiri 40. Mai rage sitaci yana da wata riba a nan, don bai cika cikinsa da kunu da ƙosai da zoɓo mai sukari da magariba ba, sukarinsa ba ya tashi sama bayan buɗa baki. Amma in ya yi sahur da ƙwai da cuku kaɗai ya haɗiyi Daonil, la'asar ce za ta kama shi.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Agadas da Arlit bai bar wannan a duhu ba. Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, ta ba mara lafiya rangwame ya sha ya rama. Muhtasar na Halilu ya fayyace: wanda ke tsoron ciwonsa ya ƙaru ko ya daɗe, an halatta masa ya sha, wanda ke tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa. Masu sharhi suka ƙara da cewa tsoron da ake nufi ba na zuci kawai ba ne, sai ya dogara kan maganar likita masani ko kan abin da mutum ya jarraba. Hukuncin ke nan ya rataya a kan sani. Abin da na'urar gwajin sukari ta kawo shi ne ta mayar da wannan tsoro lamba. Ƙa'idojin da likitoci suka tsara tare da shawarar malamai, ƙarƙashin ƙungiyar ciwon sukari ta duniya da ƙawancen masana ciwon sukari da Ramadan, wato DAR, a 2016 da kuma 2021, sun ce a karya azumi idan sukari ya yi ƙasa da 0.70 ko ya haura giram 3 a lita, ko da saura minti kaɗan a kira salla. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi, allurar insulin ma haka. Majalisar fiƙihu ta duniya kuma, a zamanta na Sharja a 2009, ta kasa masu ciwon sukari bisa girman haɗarinsu, ta ce waɗanda ke cikin babban haɗari kada su yi azumi.

To me ke hana mutane karɓar rangwamen? Sau da yawa kunya ce, ba jahilci ba. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya yana jin nauyin jikokinsa su gan shi da kofin ruwa da rana tsaka. Matar da ta yi wa gida duka abincin buɗa baki ba ta son kishiya ko suruka ta ce ta cika son jiki. Nan ne nauyin ya koma kan na kusa. Abu Dawud ya ruwaito labarin wani sahabi da dutse ya fasa wa kai a tafiya, janaba ta same shi, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen taimama. Suka ce ba su ga rangwame ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labarin ya isa ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora musu alhakin mutuwar da kakkausar murya, ya zarge su da rashin tambaya alhali ba su sani ba. Mai ce wa mai ciwon sukari “daure, Baba, saura kaɗan a sha ruwa” ya kamata ya san a sahun wa yake tsaye.

Akwai wani ruɗi kuma da ya kamata malamai su warware a kan mumbari. An ambaci zuma da waraka a Suratun Nahli, dabino kuma sunna ne a buɗa baki da shi, sai wasu suka ɗauka waɗannan biyu ba sa cikin lissafin sukari. Suna ciki. Albarkar abu ba ta cire masa ɗabi'ar da Allah ya halicce shi da ita. Dabino ɗaya ya isa a cika sunna, kuma ruwa ma sunna ne. Fura da aka dama da dabino da cuku, abin alfaharin Abzinawa a tafiyar hamada, an yi ta ne don mai bin raƙumi yini guda, ba don mai zaman shago ba. Nonon raƙumi kuwa, 'yan ƙananan binciken da aka yi a Bikaner ta Indiya sun nuna yana iya rage yawan insulin da ake bukata, ba su nuna yana maye gurbinsa ba.

Sai maganar da ta fi zafi, wato kuɗi. Nama da ƙwai da ganye su ne suka fi tsada a garin da komai sai an yi masa dako. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila, kuma gidaje da yawa da suka saba da albashi da kulawar asibitin kamfani suka koma lissafin kowace ƙwaya. Rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya ƙara wahalar shigowar magunguna ƙasar Nijar. Wanda ya bar magani a irin wannan hali ya ce tawakkali ne, sau da yawa talauci ne yake rufa wa asiri da kalma mai daraja, kuma ba wa'azi yake bukata ba. Ana iya sassauta masa tsarin ba sai ya sayi tsire kullum ba: ya raba tuwon biyu ya yawaita miyar kuɓewa ko yakuwa, ya riƙe gyaɗa da ƙuli-ƙuli da wake da kabeji da kwaɗon zogale, ya karɓi shayin mai gida ya roƙi a zuba masa kafin a sa sukari. A gidan da ake cin abinci a tire ɗaya, wannan sai da yardar uwargida.

Ajiyar insulin ma tana da mafita a inda wuta ke ɗaukewa. Binciken da Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai da komo tsakanin digiri 25 da 37. Zafin Arlit na bazara ya wuce haka, don haka ana bukatar sanyaya. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000, ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta hamada.

Abin da ya rage aikin jama'a ne. Likitoci suna so mai niyyar azumi ya zo mako shida zuwa takwas kafin Ramadan, wato tun cikin Rajab, a sake auna masa magani bisa abin da yake ci yanzu, a canza masa Daonil da wadda ba ta kai ta kayarwa ba idan da hali, a juya lokutan allura. Limaman Juma'a na Arlit da Akokan su ne suka fi kowa iya isar da wannan sanarwa, kuma masu fitar da zakka za su iya tuna cewa 'yan takardun gwajin sukari, waɗanda tsadarsu ke sa na'urori da yawa kwanciya a akwati, bukata ce ta fakiri kamar buhun gero. Wanda ciwonsa ba ya barin sa ya rama kuwa, Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna a hukuncin tsohon da ya kasa azumi cewa ciyar da mudu ɗaya a kowace rana abin so ne, malaminsa zai faɗa masa inda nasa halin ya faɗa.

Yanzu Ramadan yana cikin watannin sanyi, yana kuma ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Sai a shekarun 2040 zai sake komawa tsakiyar zafi, lokacin da yaran da ake yi wa allurar insulin yau a Arlit za su zama magidanta masu iyali.